Gumel, Tutar Shehu da Mas'alar Kafirta Mai Saɓo

Akwai wani zato da ya yaɗu a bakin jama'a, har da waɗansu masu karatu, wai Musulunci bai kafu a ƙasashen nan ba sai da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804, kuma duk masarautar da ba ta karɓi tuta ba a kan kafirci ta zauna. Wanda ya san tarihin Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen 1750, ta zauna ƙarƙashin Barno, ta yi ta gwabzawa da Haɗejiya ba tare da ta taɓa yi wa Sakkwato mubaya'a ba har Turawa suka iso a 1903, ba zai karɓi wannan magana ba, domin kuwa sarakunan Barno da take kai wa gaisuwa sun musulunta tun ƙarni na 11, zamanin Mai Hume, suna can Kanem. Har gobe gardin Gagarawa ko Sule Tankarkar a ƙasar Gumel in ya ce zai tafi gabas neman Alƙur'ani, Barno yake nufi.

Asalin saɓanin Barno da Sakkwato mas'ala ce ta aƙida, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi da Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu a kanta bayan faɗuwar Birnin Ngazargamu a 1808, Bello kuma, don adalcinsa, ya taskace hujjojin abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri. Al-Kanemi bai musanta cewa a Barno ana cin hanci, ana cin dukiyar marayu, mata suna fita ba lulluɓi ba. Abin da ya kafe a kai shi ne cewa waɗannan saɓo ne, saɓo kuwa ba ya fitar da mai Salla daga addini, kamar yadda kowane ɗalibin Risalar Ibnu Abi Zaidin ya karanta a babin aƙida. Bello ya amsa cewa ba don zunubi aka yaƙi mutanen Barno ba, sai don sun jiɓinci sarakunan Haɓe, sun taimake su a kan Jama'ar Shehu Usmanu. Ashe dukkansu sun haɗu a kan cewa kafirta mai zunubi tafarkin Hawarijawa ne, Shehu Usmanu da kansa ma ya yi raddi ga ɗaliban da suke kafirta talakawa don ba su san hujjojin ilmul kalami ba.

Nasara ma sun sha irin wannan fitina a Afirka ta Arewa cikin ƙarni na 4, yayin da mabiya Donatus suka ce limamin da ya miƙa littattafai ga Rumawa don tsoron azaba ibadar da ya jagoranta ɓatacciya ce, Agustin na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yau, ya tashi ya ƙaryata su.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya tauye mudu ranar Alhamis a Maigatari fasiƙi ne, a yi masa wa'azi, alƙali ya hukunta shi. Amma mai wa'azin da ya kira shi kafiri ya saɓa wa al-Kanemi, ya saɓa wa Bello, ya saɓa wa Shehu Usmanu.