Babi na Tara: Kowane Kebul Eriya Ne

Duk wanda ya ga shigowar GSM Najeriya a 2001 ya san wannan ƙarar: ana tsaka da wa'azi, lasifika ta fara "dit-dirit-dit", can sai salular wani ta kama ruri. Har yau akwai masu rantsuwa wai lasifikar ce jabu, ko wai salula na jan wutarta. Sam ba haka ba ne! Salular GSM karɓa-karɓa take yi da wasu bakwai a tasha ɗaya, tana harba saƙo tana tsayawa kusan sau 217 a daƙiƙa guda. Kebul ɗin makirufo ne ke kamo wannan bugun, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi.

Wannan shi ne tushen binciken jituwar na'urorin lantarki: kada na'ura ta dami maƙwabciyarta, kada kuma hayaniyar maƙwabciya ta rikita ta. Tun 1934 aka kafa kwamitin CISPR don tsara iyakar wannan hayaniya. A cikin kwamfuta ma haka ne, siraran layukan tagulla na yi wa juna katsalandan, wutar da ke ciyar da su tana rawa.

Amma babu labarin da ya kai na Parkes daɗi. Kusa da wannan gari na Ostireliya akwai katafaren faifan sauraron sararin samaniya mai faɗin mita 64. Tun 1998 yake kamo wata gajeriyar sigina mai ɗaure kai. Aka zargi walƙiya, aka zargi sararin sama, shekara 17 ba amsa. A 2015 sabuwar na'urar sa ido ta tona asiri: murhun lantarkin ɗumama abinci ne na ma'aikatan wurin. Idan mai yunwa ya buɗe ƙofarsa kafin ya tsaya, sai igiyar rediyo ta kuɓuce na ɗan ƙiftawar ido, faifan ya kama. Shi ya sa siginar ta fi yawa da lokacin abincin rana!

Sai ƙullin nan da ke jikin kebul ɗin cajar kwamfuta. Ba fis ba ne, ba batir ba ne, kuma kuskure ne a yanke shi. Zoben ferait ne, haɗin ƙarfe mai maganaɗisu, da ke shanye hayaniya mai saurin bugu ya mayar da ita ɗan zafi kafin kebul ya watsa ta.