Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Rukunai, Tsohuwar Hamayya da Kuɗin Talabijin



Abin da zan yi magana a kansa yau wasa ne, amma wasan da ya zama babbar harka, har ya kai ga Kotun Ƙoli ta ƙasar Amurka ta zauna a kansa ba sau ɗaya ba. Kafin in shiga ciki, ya kamata in share wani ruɗani. Ƙwallon da nake nufi dabam yake da wanda muka saba bugawa da ƙafa. Wannan mai siffar ƙwai ne, ana rungumarsa a gudu da shi, ko a jefa wa abokin wasa, abokan karawa kuwa su yi ƙoƙarin kayar da wanda ke riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, kuma 'yan wasan da zan ambata duk ɗalibai ne.

An yi karawar farko tsakanin jami'o'i biyu ranar 6 ga Nuwamba 1869, inda Rutgers ta ci Princeton 6 da 4. Wasan ya bazu da sauri, ya kuma yi muni, har a shekarar 1905 'yan wasa goma sha takwas ko fiye suka rasa rayukansu. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya sa baki, aka kafa wata hukuma a 1906 don ta gyara dokoki, wadda tun daga 1910 ake kiranta NCAA. Yau filin wasan Jami'ar Mishigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, watau ya fi yawan mutanen garuruwa da dama.

Jami'o'in nan sun haɗa kansu rukuni-rukuni, kuma asalin kowane rukuni maƙwabtaka ce. Jami'o'in da ke kusa da juna, waɗanda jirgin ƙasa zai iya kai 'yan wasansu ya komo da su kafin darasin Litinin, su ne sukan yi yarjejeniya a kan wanda ya cancanci ya yi wasa da kuma ranakun karawa. Haka aka kafa rukunin Big Ten a Shikago a 1896, da rukunin gaɓar tekun Pasifik a 1915, wanda magajinsa shi ne Pac-12, da SEC na jihohin kudu maso gabas a 1932, da ACC na gaɓar Atlantika a 1953.

To, ina jadawali ya shigo? Ku lura da wani lissafi. Kowace ƙungiya wasa goma sha biyu kawai take yi a kaka guda, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, galibi ran Asabar, domin jiki ba ya ɗaukar fiye da karawa ɗaya a mako. Daga cikin sha biyun nan, takwas ko tara na cikin rukuni ne, ragowar kuwa jami'a ce ke nemo wa kanta. Sau da yawa babbar jami'a takan biya ƙarama kuɗi don ta zo gidanta a lallasa ta, ita babbar ta sami nasara da kuɗin ƙofa, ƙaramar kuma ta sami abin riƙe sashenta na wasanni. Wani lokaci reshe kan juye da mujiya, kamar a 2007 da Appalachian State ta je har gida ta ci Mishigan 34 da 32. Muddin rukuni bai wuce jami'a tara ko goma ba, kowa zai iya karawa da kowa a shekara. Da zarar ya kai goma sha shida ko goma sha takwas, wannan ya gagara, sai an zauna an zaɓi wa zai haɗu da wa. A wajen zaɓin nan ne tsohuwar hamayya take rayuwa ko ta mutu.

Hamayyar da nake faɗi gado ce, uba yakan bar wa ɗa. Harvard da Yale sun fara karawa a 1875, makarantar sojan ƙasa da ta sojan ruwa a 1890, Alabama da Auburn a 1893, Teksas da Texas A&M a 1894, Mishigan da Ohio State kuma a 1897. Alabama da Auburn jiha ɗaya suke, amma saɓani ya sa bayan wasan 1907 ba su sake haɗuwa ba sai 1948. Irin wannan rana ita ce ke mayar da tsofaffin ɗalibai makarantarsu da iyalansu, ita ce kuma ke sa attajirin da ya bar jami'a shekara talatin ya tuna da ita ya buɗe bakin aljihu. Wannan ƙauna da aka gada ita ce hajar da gidajen talabijin suka zo saya.

An fara nuna wasan jami'a a talabijin a watan Satumba 1939, tsakanin Fordham da Waynesburg. Da akwatunan talabijin suka yawaita, sai jami'o'i suka ji tsoron mutane za su zauna a gida, filaye su zama wayam. Saboda haka daga farkon shekarun 1950 NCAA ta karɓe ikon sayar da wasannin ita kaɗai, ta ƙayyade yawan wasan da za a nuna da kuma sau nawa jami'a ɗaya za ta fito. An yi shekara talatin a haka. Manyan jami'o'i, waɗanda su ne jama'a ke son kallo, suka ga ana cin guminsu, sai jami'o'in Oklahoma da Jojiya suka kai ƙara a 1981. A watan Yuni 1984 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa dokar Sherman ta 1890, wadda ta hana 'yan kasuwa haɗa baki su danne ciniki. Abin sha'awa, alƙalin da ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, Byron White, tsohon gwanin wasan ne a Jami'ar Kolorado, kuma abin da ya ji tsoro shi ne neman riba zai rinjayi manufar ilmi.

Daga ranar nan kowane rukuni ya zama ɗan kasuwa. Jami'ar Notre Dame, wadda ba ta cikin kowane rukuni a wannan wasa, ta ƙulla tata yarjejeniya da gidan NBC a 1990. SEC ta jawo Arkansas da South Carolina ta cika goma sha biyu a 1992, don ta sami damar shirya wasan ƙarshe na fid da gwani, wanda shi ma abin sayarwa ne. Tsohon rukunin kudu maso yamma, da yake kusan dukan jami'o'insa a jihar Teksas suke, bai da faɗin kasuwa, ya watse a 1996. A 2007 Big Ten ta buɗe tashar talabijin ta kanta, wadda take samun kuɗi a kan kowane gida da ke karɓarta ta waya. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa a 2014 ta ɗauki Rutgers da Maryland, waɗanda ba su yi suna a wasan ba: ɗaya tana kusa da birnin New York, ɗaya kusa da Washington, inda gidaje suke da miliyoyi.

Sai babbar girgiza. A 2021 Teksas da Oklahoma suka ba da sanarwar komawa SEC, wadda ta riga ta ƙulla da gidan ESPN a kan kimanin dala biliyan 3 na shekara goma. A watan Yuni 2022 manyan jami'o'i biyu na birnin Los Angeles, USC da UCLA, suka ce za su koma Big Ten, kuma bayan wata biyu rukunin ya sa hannu da Fox da CBS da NBC a kan fiye da dala biliyan 7 na shekara bakwai. Pac-12 ta rasa babbar kasuwarta, ta nemi mai saye da daraja ba ta samu ba. A cikin 'yan makonni na 2023 ta tarwatse: Oregon da Washington suka bi sawu zuwa Big Ten, huɗu suka tafi Big 12, Stanford da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley kuwa, waɗanda ke bakin tekun Pasifik, suka shiga rukunin gaɓar Atlantika. Daga goma sha biyu saura biyu, Oregon State da Washington State, waɗanda ba laifin da suka yi illa suna cikin ƙananan garuruwa. A kakar 2024 rukunin da har yanzu sunansa ke nufin goma yana da jami'a goma sha takwas.

Bari mu duba abin da aka samu da abin da aka rasa. Kuɗi dai sun shigo, kuma da su ne ake riƙe wasannin da ba sa kawo ko sisi, kamar guje-guje da ninƙaya da yawancin wasannin mata. Wasu tsofaffin abokan hamayya ma sun sake haɗuwa. Teksas da Texas A&M, waɗanda suka rabu bayan 2011, sun koma karawa a 2024 da suka tsinci kansu a rukuni ɗaya. Amma Oklahoma da Nebraska, waɗanda karawarsu ta 1971 har yau ake labarinta, sun daina haɗuwa kowace shekara tun da aka kafa Big 12. Oklahoma da 'yar'uwarta Oklahoma State sun yi fiye da shekara ɗari suna karawa, wasan 2023 ya yanke wannan igiya. Don rage ɓarna, Big Ten ta keɓe wasu karawa da za a yi kowace shekara ko ta yaya, irin ta Mishigan da Ohio State, SEC kuma a 2025 ta yanke shawarar wasa tara a cikin rukuni, da abokan karawa uku na kowace shekara ga kowace jami'a.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yau gidan talabijin ne ke faɗin sa'ar da za a fara wasa, sau da yawa saura kwana goma sha biyu, wani lokaci ma shida. Akan sa wasa da daren Juma'a, ƙananan rukunai kuma har da daren Talata da Laraba cikin sanyin Nuwamba, don a cike gurbin da babu kowa. Tsakanin Los Angeles da Jami'ar Rutgers kusan kilomita 4,000 ne, da bambancin agogo na sa'a uku. Ɗan wasan ƙwallon nan sau huɗu ko biyar yake tafiya a kaka, da sauƙi. Wahalar tana kan 'yar wasan ƙwallon raga ko ɗan ƙwallon kwando, waɗanda ke wasa a tsakiyar mako, ga jarrabawa na jiransu, alhali ba don su aka yi ƙaurar ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta 'yan wasan kansu. Shekara da shekaru ana cewa ɗalibai ne, ladansu shi ne karatu kyauta da abinci da wurin kwana, alhali masu horar da su na karɓar miliyoyin daloli, har a jihohi da yawa mai horar da 'yan ƙwallo ya fi kowane ma'aikacin gwamnati albashi. Da kuɗi suka kai biliyoyi, wannan hujja ta kasa tsayawa. A watan Yuni 2021 Kotun Ƙoli, baki ɗaya, ta sake kayar da NCAA, daga Yulin shekarar kuma aka bar ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa. A watan Yuni 2025 wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan baya, ya kuma ba kowace jami'a izinin raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Jama'a, darasin da ni na gani a nan ya shafi duk wanda aka ba amanar wata hukuma. Babu shugaban jami'a ko ɗaya da ya tashi da niyyar rusa rukunin da ya haura shekara ɗari. Kowannensu ya duba littafin kuɗinsa ne, ya ga maƙwabci zai fi shi, ya ji tsoron a bar shi a baya, ya yi abin da ya ga shi ne hankali. Da aka tara shawarwarin nan wuri ɗaya, sai ga zaman kashin dankali, babba ya danne ƙarami. Ku ɗalibai da za ku riƙe ofisoshi gobe, da ku da kuke riƙe da su yau, duk ran da aka kawo muku yarjejeniya mai maiƙo, ku karanta adadin kuɗin, sa'an nan ku nemi shafin da ya faɗi wanda zai riƙa tsara muku ranakunku bayan kun sa hannu.