Valentina Matviyenko: Daga Ilimin Haɗa Magani Zuwa Kujerar Majalisar Dattawan Rasha

Tun watan Satumba na 2011 mace ɗaya ce ke riƙe da shugabancin majalisar dattawan Rasha, wato Majalisar Tarayya. Sunanta Valentina Matviyenko. An haife ta a 1949 a garin Shepetivka na Yukiren, lokacin ƙasar tana cikin Tarayyar Sobiyet. Ilimin haɗa magunguna ta karanta a Leningrad, wato St. Petersburg ta yanzu, ta kammala a 1972, amma ba ta daɗe a fannin ba; ƙungiyar matasan jam'iyyar kwaminis ce ta buɗe mata ƙofar siyasa.

Ta yi jakadiya a Malta da Girka. A 1998, ana tsakiyar durƙushewar tattalin arziki, gwamnati ta kasa biyan albashi da fansho na watanni, aka naɗa ta mataimakiyar Firaminista Yevgeny Primakov mai kula da walwalar jama'a. An canza firaminista sau uku tana nan daram.

A 2003 ta tsaya takarar gwamnan St. Petersburg, mahaifar Shugaba Vladimir Putin, shi kuma ya fito fili ya mara mata baya. Sai da aka je zagaye na biyu ta yi nasara. A zamaninta kamfanonin mota irin su Toyota da Nissan da Hyundai suka kafa masana'antu a birnin, aka kuma ƙarasa madatsar da ke kare shi daga ambaliya, aikin da ya yi shekaru a yashe. Wannan ba a raina mata shi ba. Amma mutanen gari sun fi tuna hunturun 2010 da 2011, da dusar ƙanƙara ta toshe tituna, dunƙulen ƙanƙara na faɗowa daga rufin gidaje kan masu wucewa. Sun kuma tashi tsaye suna adawa da dogon benen da kamfanin Gazprom ya so ginawa kusa da tsohon gari da goyon bayanta, har aka mayar da shi unguwar Lakhta da ke gefen birnin.

Yadda ta shiga majalisar dattawa shi ya fi nuna yadda siyasar ƙasar take. Doka ta ce sai ta zama zaɓaɓɓiyar kansila tukuna. Aka shirya zaɓe a wasu ƙananan unguwanni biyu a watan Agusta na 2011, 'yan adawa suka ce sai da aka rufe rajistar 'yan takara labari ya iso musu. Ta lashe sama da kashi 90 cikin ɗari.

Kundin tsarin mulkin Rasha ya ba wannan majalisa ikon amincewa ko ƙin amincewa da tura sojoji ƙasar waje. Ranar 1 ga Maris 2014 Putin ya nemi izini kan Yukiren, aka ba shi babu ƙuri'a ko ɗaya da ta saɓa, kuma cikin watan Amurka ta ƙaƙaba wa Matviyenko takunkumi. Ranar 22 ga Fabrairu 2022 aka sake hakan, bayan kwana biyu sojoji suka kutsa ƙasar da aka haife ta.

Ba na shakkar ƙwazonta na aiki. Abin da ke damuna shi ne majalisar da aka ba wa ikon tsayar da yaƙi, a hannunta ba ta taɓa gwada amfani da shi ba.