Badala Ba Ta Ba da Labarin Kanta

Duk wanda ya bi ta gefen badalar Kano a yau zai ga yadda take ƙarewa: ruwan sama ya zaizaye wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun kwashe wani, gidaje da shaguna sun hau kan ragowar. An saba ɗora laifin a kan hukuma, kuma lallai tana da nata kason. Sai dai mutum ba ya tsare abin da bai san labarinsa ba. Yaron da bai taɓa jin cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar nan shekaru wajen 900 da suka wuce ba, ko cewa Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, tarin jar ƙasa kawai yake gani. Saboda haka, a ganina, tsaron wuraren tarihin Kano daga ɗakin karatu zai fara.

Laburaren Murtala Muhammad ya fi cika da ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da JAMB. Ba laifi ba ne. Amma laburaren jama'a a babban birnin jiha yana da nauyin da ya wuce ba da kujera da fanka, wato tattara abin da garin ya rubuta game da kansa. Akwai Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Akwai nasihar mulki da Shehu Magili ya rubuta wa Rumfa. Akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami da ke ajiye a gidajen malamai, inda gara da danshi ke cin su, magada kuma ba duka ne suka san darajarsu ba. Har littattafan Adabin Kasuwar Kano, da wasu ke rainawa, na irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, shaida ce ta yadda Kanawa suka yi tunani kan aure da soyayya tun daga shekarun 1980, ga shi an buga su a takarda marar ƙarko. Ɗalibin da aka zagaya da shi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909, ya kamata ya san inda zai je ya ƙara karatu washegari.

Wani zai ce ai yanzu komai yana cikin waya. Intanet ba ta da komai sai abin da wani ya ɗora mata, kuma takardar da ba a tattara ba, ba a ɗauki hotonta ba, babu mai samun ta a can. Ga tsadar data, ga ɗaukewar wuta, ga gidan yawa inda ba a samun shiru. Wani kuma zai ce a fara da yunwa da asibiti. Wannan magana ce mai nauyi, ba kuma za a yi musun ta ba. Amma kuɗin ɗaukar hoton takardu da albashin ma'aikatan da za su jera su bai kai na ginin gada ɗaya ba, kuma titin da aka fasa yi bana ana iya yin sa baɗi, takardar da gara ta cinye kuwa babu kwangilar da za ta dawo da ita.