Kadmiyam telurayid: Sinadarin da ke cikin wasu farantan sola, da inda haɗarinsa yake

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman albasa a Aliero da masu noman rani a Maiyama suka fara karkata ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, farantan sola kuma suka zama haja a garuruwan kasuwanci irin su Jega. Mafi yawansu na silikon ne daga ƙasar Sin. Sai dai akwai wani nau'i, baƙi wuluk, marar gida-gidan da aka saba gani, wanda a takardar bayansa ake rubuta CdTe.

Haruffan na nufin kadmiyam telurayid, haɗin sinadarai biyu: kadmiyam, wanda ake samu wajen tace zink, da teluriyam, mai wuyar samu, da ke fitowa wajen tace jan ƙarfe. Ba ya narkewa a ruwa, kuma sai zafi ya haura digiri 1,000 yake narkewa a wuta. Yana zuƙar haske sosai, shi ya sa shafe ɗaya da bai kai kaurin silin gashi ba ya wadatar, a rufe shi tsakanin gilashi biyu. Kamfanin First Solar na Amurka ne kan gaba wajen ƙera shi. Ƙarfinsa ba ya raguwa da zafi kamar na silikon, abin da ke da muhimmanci ga wanda ya san bazarar Kebbi.

Muddin farantin yana lafiya, babu abin fargaba. Matsalar tana farawa ne idan ya fashe, aka daddaka shi, aka ƙona shi a bola, ko ruwan batir ya taɓa shi, domin asid na iya sako kadmiyam. Shi kuwa kadmiyam yana taruwa a ƙoda shekara da shekaru, yana raunana ƙashi, ƙurarsa kuma tana jawo kansar huhu.

Jihar da ke alfahari da shinkafa tana da dalilin kula, domin shinkafa na tsotsar kadmiyam daga ƙasa. A lardin Toyama na Japan, kadmiyam daga mahaƙar ma'adinai ya bi kogin Jinzu ya shiga gonaki, ya haddasa cutar ƙashi da ake kira itai-itai, wadda gwamnati ta amince da musabbabinta a 1968. Ba sola ce ta jawo ta ba, kuma abin da ke cikin faranti ɗaya kaɗan ne. Duk da haka, wurin fasasshen faranti shi ne busasshen ɗaki a kulle, nesa da fadama, rijiya da 'yan gwangwan.