BIKIN BUƊAR DAWA: ASALINSA DA ABIN DA YA SAURA DAGA GARE SHI A ƘASAR GAYA

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tarihin bikin buɗar dawa, ɗaya daga cikin tsofaffin bukukuwan ƙananan garuruwan ƙasar Hausa, wanda ake yi idan rani ya tsufa, bazara ta ƙarato. Za a dubi ma'anar sunansa, da yadda ake gudanar da shi, da dalilan gushewarsa. An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, ta zama madubi, domin Gaya tana cikin garuruwan da tarihin Kano ya fara da su, kuma har yanzu rayuwar yawancin mutanen wannan yanki ta rataya ne a kan noma.

Bazara a Lissafin Bahaushe

Bahaushe ya kasa shekara kashi huɗu, wato damina da kaka da rani da bazara. Bazara ita ce lokacin tsananin zafi da gumi, daga wajen watan Maris zuwa Mayu, sa'ad da iskar hunturu ta kwanta, itatuwa suka fara toho, hadari ya fara leƙowa daga gabas. A lokacin ne shamuwa take dawowa ta yi sheƙa a cikin gari, manomi kuwa ya san zuwanta albishir ne na ruwa. A lokacin ne kuma rumbu yake yin ƙasa, rijiya take yin nisa. Saboda haka bazara lokaci ne na fata da fargaba gaba ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne da mutanen dā suka ajiye babban bikinsu a ƙofarta.

Manoman dā ba su dogara ga watannin Hijira kaɗai wajen aikin gona ba, domin waɗannan watanni suna zagayawa cikin yanayi, su ci baya da kamar kwana 11 kowace shekara. Suna da nasu ƙidayar da take farawa bayan kaka. A ƙasar Maraɗi da ta Ƙonni, alal misali, watan bakwai shi ne watan faɗuwar ruwa. A wannan ƙidaya, buɗar dawa tana faɗowa a wata na huɗu, wato wajen Fabrairu ko Maris.

Ma'anar Sunan

Kalmar dawa a nan tana nufin daji, ba hatsin da ake tuwo da shi ba. A rubuce kalmomin biyu kamarsu ɗaya, amma a baki sun bambanta: wasalin farko na dawar tuwo dogo ne, na dawar daji kuwa gajere. Shi ya sa a yammacin ƙasar Hausa ake kiran bikin buɗin daji. Sunan da kansa ya nuna tunanin da ke ƙarƙashinsa, domin ba a buɗe abu sai in rufe yake. A ganin Bahaushen dā, gari na mutane ne, dawa kuwa ta iskoki ce da namun daji, kuma ba a shiga gidan wani a ɗebi abinsa sai da sallama.

Gaya, Maƙera da Dutsen Dala

Gaya tana gabas da birnin Kano, bayan an ƙetare kogin Wudil, Ajingi kuwa maƙwabciyarta ce. Labarin baka ya nuna cewa farkon mazauna gindin Dala maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama, ƙarƙashin wani mutum da ake kira Kano, kuma zuriyarsu ce ake ce wa Abagayawa. Binciken masana kayan tarihi ya ƙarfafa tsufan wannan sana'a a wurin, domin an samu alamun narkar da ƙarfe a Dala da suka kai wajen ƙarni na 7 na Miladiyya.

Wannan labari yana da dangantaka da bikin da ake magana a kai. Maƙeri yana bukatar dawa, domin can yake samun tama da gawayi. Maharbi yana bukatar maƙeri, domin shi ke ƙera masa kibiya da mashi. Manomi kuma yana bukatarsu duka biyu: maƙeri ya gyara masa fartanya da garma kafin ruwa, maharbi ya rage masa namun da ke yi masa ɓarna. Sana'o'in nan uku a dawa suke haɗuwa, kuma a bazara bukatarsu ga juna take tsananta.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, ɗaya daga zuriyar Dala, mai kula da Tsumburbura. An ce a ranakun biki mutane sukan taru a gindin dutsen daga kowace kusurwa, da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye. Barbushe ya shiga wurin tsafin shi kaɗai, sa'an nan ya fito ya gaya wa jama'a abin da shekara za ta zo da shi, na alheri ko na sharri. Abubuwa ukun nan, wato taron jama'a da yanka da faɗin yadda shekara za ta kasance, su ne kuma ginshiƙan buɗar dawa. Abin da aka yi a Dala babban samfuri ne na abin da ƙananan garuruwa suke yi a gindin tasu tsamiyar ko kukar.

Gaya ba ta rabu da al'amuran Kano ba bayan wannan zamani. Littafin ya ambaci zuwan Sarkin Gaya Agalfati a zamanin Sarki Yakubu (1452–1463), da tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarki Dadi (1670–1703), da kuma ƙarfin da mutanen Gaya suka samu a fada a zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731). A 2019 aka mai da Gaya masarauta mai zaman kanta, aka rushe ta a 2024, sa'an nan a shekarar aka sake kafa ta da daraja ta biyu.

Yadda Ake Gudanar da Bikin

Mafi cikar bayani a kan bikin ya fito ne daga wuraren da addinin gargajiya ya daɗe bai gushe ba. Guy Nicolas, wani masani Bafaranshe, ya yi nazarin Annan kwarin Maraɗi, ya fitar da babban littafinsa a 1975. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya buga nasa a 1946. Aznan Massalata, kusa da Birnin Ƙonni, su ma sun shahara da arwa, wato duban shekara da suke yi a bainar jama'a.

Tsarin bikin, a taƙaice, shi ne kamar haka. Idan lokaci ya yi, shugaban mafarauta, wanda wasu wurare ke kira Sarkin Dawa, wasu Sarkin Baka, ya shawarci dattawa a tsai da rana. A yi shela a kasuwanni, mutanen ƙauyukan kewaye su hallara da karnuka da baka da kibiya da sanduna da gatura. A fara da yanka a gindin wata itaciya ko wani dutse da aka keɓe, domin neman yardar iskokin dawa. Kowane iska yana da irin dabbar da ake yanka masa da launinta. Daga cikin sunayen da aka sani akwai Uwar Dawa da Kure da Gajimari da Doguwa. Bayan yanka sai masu duba su faɗi abin da suka gani game da ruwa da amfanin gona da annoba da zaman lafiya. Sa'an nan a shiga dawa da kiɗa da kirari, a yi farautar gayya. Da yamma a dawo gari, a raba nama, a fitar da na shugabanni, a kwana ana kiɗa da rawa.

Daga nan aikin bazara ya kama. Manomi ya yi sassabe, ya share gona, ya ƙone kututture da ƙaya, ya kai taki a kan jaki. A gidajen Maguzawa, maigida yakan yi nasa yankan a cikin gida kafin shuka, a madadin dukan waɗanda suke noma gandu ɗaya da shi.

Amfaninsa ga Jama'a

Idan aka ajiye al'amarin tsafi gefe guda, za a ga bikin yana ɗauke da doka. Da yake ba a yin farautar gayya ko sa wa daji wuta sai an buɗe shi, namun daji sukan samu watanni na hutu, amfanin gona da kara da harawa kuma su samu shiga gida kafin wuta ta tashi. Tsoron iskoki shi ne ɗan sandan wannan doka. Har ila yau, bikin yakan haɗa ƙauyukan da suke tarayya a daji ɗaya, a san iyakar kowa, a kashe rigingimu, matasa su ga juna, aure ya ƙullu. Faɗin shekara ma yana da nasa amfanin, domin idan aka ce damina za ta yi gardama, maigida yakan tsuke bakin rumbu, ya tanadi irin gero mai saurin nuna. Bahaushe ya ce, tun ran gini tun ran zane.

Dalilan Gushewarsa

Dalili na farko shi ne Musulunci. Tun zamanin Sarki Tsamiya (1307–1343) aka rushe wurin Tsumburbura, Wangarawa suka kawo addini fada a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma aka sare itaciyar tsafin birni. Duk da haka garwaye bai ƙare nan da nan ba, kamar yadda labarin Dirki ya nuna, wanda aka yi ta yi wa yankan shanu har zamanin Alwali, Sarkin Haɓe na ƙarshe. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi suka mai tsanani ga yanka wa itatuwa da duwatsu, kuma bayan da jihadi ya ci Kano a 1807 irin waɗannan ayyuka suka koma gidajen Maguzawa, su ma suka yi ta musulunta sannu a hankali.

Dalili na biyu shi ne ƙarewar dawar kanta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, jama'a ta yi yawa, aka yi ta sassabe. Karkarar Kano ta zama ɗaya daga cikin mafi cunkoson ƙasashen noma a Afirka ta Yamma, gona na bin gona, ba a ma barin saura ta huta. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya ƙara kashe itatuwa ya kori namun daji.

Dalili na uku shi ne sauyin iko. Abin da ya rage na daji hukuma ta mai da shi gandun daji, dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 kuma ta sa izinin farauta ya koma hannun ma'aikata. Sarkin Dawa ya zauna da sarauta, amma mabuɗin ya bar hannunsa.

Abin da Ya Saura

Bikin ya tafi, amma bukatun da suka haife shi suna nan, sai dai sun sake tufafi. A ƙauyukan ƙasar Kano, har da na Gaya da Ajingi, manomi yana fara shekararsa da sadaka da addu'a, malami yana ƙidaya masa taurari, rediyo yana kawo masa hasashen damina. Idan ruwa ya yi jinkiri, jama'a takan fita bayan gari a yi sallar roƙon ruwa. Farautar gayya ta rani tana nan, da gangi da kirari da 'yan tauri, ko da yake sau da yawa mafarauta sai sun yi tafiya mai nisa a mota kafin su sami dajin da za su shiga. Sarautun Sarkin Noma da Sarkin Maƙera da Sarkin Baka ma ba su ɓace ba. A cikin harshe kuwa, kalmomi irin su hurumi da sassabe da saura da gandu suna nuna yadda aka taɓa raba ƙasa tsakanin gari da gona da dawa.

Kammalawa

An ga cewa buɗar dawa ta haɗa ibadar mutanen dā da dokar amfani da daji, kuma addini ya kawar da ta farko, yawan jama'a da sauyin mulki suka kawar da ta biyu. Ba a bukatar mai da yankan da aka bari, amma hikimar ba daji hutu, da tsai da ranar da kowa ya sani, abu ne da ƙasa mai fama da zaizaya da ƙarancin itace take bukata. Abin da ya fi gaggawa shi ne tattara abin da ke bakin tsofaffin mafarauta da maƙera na ƙasar Gaya, wato kirarinsu da sunayen itatuwa da na namun da suka sani da iyakokin tsofaffin dazuzzuka. Wannan aiki ne da ya hau kan ɗaliban Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi, kuma rani da bazara, lokacin da manomi yake gida, su ne lokacin yinsa.