Ina Za A Samu Tarihin Samanja?

Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har Tarauni, wace uwargida ce ba ta taɓa barin tuwo bisa wuta don kallon Samanja Mazan Fama a telebijin ba? Sunansa na yanka Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, ya kuma yi aiki a Gidan Rediyon Kaduna. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba 2023.

To, in malamin makaranta ya ce 'yarki ta rubuto tarihinsa, ina za ta dosa? Littafi sukutum a kan rayuwar ɗan wasan Hausa guda abu ne mai wuyar samu, sai dai a yi tsintuwa. Ta fara da tsofaffin jaridu da mujallar Fim, wadda ta soma fitowa a 1999. Don sanin asalin sana'ar kuwa, akwai littafin Turanci mai suna Hausa Home Videos, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan aikinsa suka tsara a 2004. Ta tambaya a Laburaren Murtala Muhammad ko a Jami'ar Bayero.

Ke kuma 'yar makaranta, kada ki rubuta wata shekara sai kin gan ta a wuri biyu, sa'an nan ki ambaci inda kika samo.

Uwargida, ki ba ta labarin wasannin da kika gani da idonki. Tsohuwar mujalla kuwa a adana ta, kada a ƙunshe ƙosai da ita.